Mai babur da mai keke: a tabbata direba yana hango ku

Da yawa daga cikin masu babur da keke sun ɗauka amfanin fitila shi ne su ga hanya. Shi ya sa za ka ga mutum ya gyara ta gaba, ta baya kuwa ta mutu wata da watanni. Alhali motar da ke tahowa ta bayanka, wannan jan hasken kaɗai take da shi na sanin kana wurin.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kuma daga lokacin da direba ya hango abu zuwa tsayawarsa sai ya ci fiye da mita 50, ko da birkinsa lafiya lau. Mai keken da ya sa baƙar riga ba fitila, sau da yawa ba a ganinsa sai an zo kusa da haka. Tsakanin magariba da isha abin ya fi muni, haka ma lokacin hazon hunturu da ruwan damina.

Ƙa'idar launi ba ta canzawa: fari a gaba, ja a baya. Fitila mai walƙiya, irin ƙananan nan da ake caji, tana saurin jan ido, kuma da rana ko cikin hazo tana da amfani ƙwarai. Sai dai cikin duhu direba yana shan wahalar gane nisan hasken da ke ɗaukewa yana dawowa. Don haka mai keke ya sa biyu a baya da dare, ɗaya mai walƙiya, ɗaya tsayayya. Wanda ɗaya kawai yake da ita, ya bar ta a tsaye. Ta gaba kuma a karkata ta ƙasa kaɗan, don direban da ka kashe wa ido shi ne zai iya bi ta kanka. Kwalliyar nan ta shuɗi da ja masu walƙiya da samari ke sa wa babur a cire ta, tana ruɗa mutane da motar 'yan sanda ko ta asibiti, tana kuma ɓoye sigina.

Mai babur ya bar fitilar gaba a kunne har da rana. Kafin fita, a ta da inji, a taka birkin ƙafa, a matse na hannu, wani ya duba ko danja ta ƙara haske. Yawancin ƙwan danja zare biyu ne a ciki, na tafiya da na birki, kuma ɗaya kan ƙone ɗaya na aiki. Idan ƙwan lafiya yake amma birki bai kawo haske ba, a duba ɗan makunnin da ke haɗe da sifirin a wajen birkin ƙafa. Sigina idan ta tsaya cak ko ta riƙa ƙiftawa da sauri, galibi ƙwai ɗaya ya mutu ko batir ya yi sanyi. A babura da yawa fitilar gaba tana dusashewa idan inji ya yi ƙasa, wato daidai lokacin da ka tsaya a mahaɗa, sai a kula.

Abin da ya fi damun mu shi ne fitila mai lafiya amma a rufe. Buhu, jarka, babbar riga ko hijabin fasinja duk suna sauka kan danja. A ɗaure kaya sama da ita, a ce wa Hajiya ko Malam ya tattare tufafinsa, wanda hakan ma yana hana taya ta kama su. Ƙura kuma tsumma ɗaya ya ishe ta kowace safiya.

Riga mai ƙyalli da farar hular kwano suna aiki ko batir ya mutu. Mai keke ya ɗaura ƙyalle mai ƙyalli a idon sawu, domin motsin ƙafa sama da ƙasa yana sa direba ya gane tun daga nesa cewa mutum ne a kan keke. A manna irinsa a feda, da madigadin baya, da gefen taya saboda motocin da ke fitowa daga kwana.