Waiwaye: Yadda dusar ƙanƙara ta shigo rigimar kakar ƙwallon Japan

A watan Disambar 2025 Kashima Antlers ta ɗaga kofin gasar J1, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Japan, karo na tara ke nan a tarihinta. Da wannan kofi aka rufe wani babi, domin kakar 2025 ce ta ƙarshe da aka fara a Fabrairu aka kammala a Disamba. Daga kakar 2026-27 za a riƙa farawa a Agusta, a tafi hutun sanyi daga tsakiyar Disamba zuwa wajen ƙarshen Fabrairu, sannan a ƙarasa a Mayu, kusan yadda ake yi a Ingila da Jamus. Watannin farkon 2026 da suka rage a tsakani an cike su da wata gasa ta musamman wadda babu faɗawa ƙasa a cikinta.

Tun ranar 19 ga Disamba 2023 aka yanke wannan hukunci, amma har yau ƙura ba ta lafa ba. Masu goyon baya suna cewa zafin watannin Yuli da Agusta ya kai inda ɗan wasa ba ya iya gudu yadda ya kamata, kuma ƙungiyoyin Turai suna kwashe gwanaye ana tsakiyar kaka. Masu adawa, galibinsu daga arewa da gaɓar Tekun Japan, tambayarsu guda ce: a ina za mu yi atisaye, kuma wa zai fito kallo alhali dusar ƙanƙara ta rufe hanya? Mai bin labarin daga nesa zai ɗauka cewa kwatsam Japan ta farka ta ce sai ta kwaikwayi Turai. Maganar ta girmi haka nesa ba kusa ba, kuma a ganina tushenta yana wurin da ba kasafai ake dubawa ba.

Farkon labarin sananne ne. An kafa gasar ƙasa ta farko a 1965 da ƙungiyoyi takwas, dukkansu na kamfanoni, 'yan wasan kuma ma'aikata ne. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne waccan tsohuwar gasa ta taɓa bin tsarin da ake rigima a kansa yanzu: daga kakar 1985-86 har zuwa 1991-92 cikin sanyi ake buga ta, ta tsallaka daga wata shekara zuwa wata, kuma babu wanda ya ɗaga murya. Sai aka buɗe gasar ƙwararru ta J.League ranar 15 ga Mayu 1993, Yokohama Marinos ta ci Verdy Kawasaki 2-1 a babban filin wasa na Tokyo. Su Zico da Gary Lineker da Pierre Littbarski suka zo, kasuwa ta buɗe, matsakaicin 'yan kallo ya doshi 20,000 a 1994. Kafin 1997 ya zube zuwa kusan 10,000. A 1998 masu ɗaukar nauyin Yokohama Flügels suka kasa ci gaba, aka narkar da ita cikin maƙwabciyarta Yokohama Marinos, bayan ta lashe Kofin Sarki ranar 1 ga Janairu 1999 a wasanta na ƙarshe a duniya.

Me ya sa babu wanda ya yi kuka da sanyi a wancan zamani? A ɗauko taswira a duba ƙungiyoyi goman da suka fara gasar a 1993: Kashima, Ichihara, Urawa, Kawasaki, biyu a Yokohama, Shimizu, Nagoya, Osaka, Hiroshima. Duk a jere suke a ɓangaren da ke fuskantar Tekun Fasifik, inda masana'antu suke. Japan kuwa a lokacin sanyi tamkar ƙasa biyu ce. Iska mai tsananin sanyi takan taso daga Sabiriya, ta ratsa Tekun Japan ta kwashi danshi, ta zo ta ci karo da duwatsun da suka raba tsibirin Honshu gida biyu, ta juye kayanta duka a ɓangaren yamma da arewa. Kafin ta gangara Tokyo ta bushe. Shi ya sa a Janairu za ka ga rana tar a Shizuoka yara suna ƙwallo, alhali a ƙauyukan Niigata da Yamagata mutane suna kan rufin gida da shebur don kada nauyin ƙanƙara ya danne su. Muddin ƙwallon ƙwararru na zaune a ɓangare guda, kowane wata aka zaɓa daidai ne.

Abin da ya sauya wannan lissafi ya faru ne a 1999, kuma a nan nake so in daɗe. A shekarar aka buɗe rukuni na biyu, J2, da ƙungiyoyi goma. A tarihin da aka saba bayarwa layi ɗaya ake ba wannan, a ce an samar da hawa da faɗawa, a wuce. Amma a duba sunayen: Consadole Sapporo, Vegalta Sendai, Montedio Yamagata, Albirex Niigata. Huɗu daga cikin goma 'yan arewa ne, uku daga cikinsu a tsakiyar ƙasar ƙanƙara suke. Ba tsautsayi ne ya kawo haka ba. Tun 1996 gasar ta shelanta abin da ta kira burin shekara ɗari, wato kowane gari ya samu ƙungiyarsa mai ɗauke da sunan garin, ba sunan kamfani ba. Mutuwar Flügels ta ƙara tabbatar wa kowa cewa ƙungiyar da ta jingina da aljihun kamfani ɗaya ko biyu, ranar da aljihun ya huje ta tafi. Mafita ita ce a koma ga garuruwa, ga ƙananan 'yan kasuwa da ƙananan hukumomi da talakawan da za su sayi tikiti. Garuruwan da ba su da ƙungiya kuwa da yawansu a arewa suke.

Niigata ce ta nuna cewa wannan buri ba mafarki ba ne. Lardi ne da aka sani da shinkafa da dusar ƙanƙara, ba da ƙwallo ba, kuma ƙungiyar ba ta da wani katafaren kamfanin mota ko na lantarki a bayanta. An gina mata filin Big Swan a 2001 saboda Kofin Duniya na 2002, mai cin mutum sama da 40,000. Masu kallon ƙwallon Afirka za su tuna filin, domin a nan Kamaru da Ayalan suka tashi 1-1, Patrick Mboma ya ci wa Kamaru, shi da ya taɓa zama sarkin zura ƙwallo na J.League a 1997 yana Gamba Osaka. Bayan an watse daga gasar, tsoron kowa shi ne filin ya zama kango. Ƙungiyar ta bi unguwa-unguwa tana raba tikitin gayyata kyauta, har iyalan da ba su taɓa shiga filin wasa ba suka saba da zuwa, kaka da jika, uwa da goyo. A 2003, tana rukuni na biyu, matsakaicin 'yan kallonta ya haura 30,000, ta kuma lashe gasar ta hau J1. A 2005 ya haura 40,000 a kowane wasan gida, abin da ya fi na ƙungiyoyin Tokyo da Osaka. Duk ƙaramin garin da ke tunanin kafa ƙungiya, Niigata yake kallo.

To amma wannan nasara a kan wani sharaɗi ta ginu, wanda ba a rubuta a takarda ba: ba a ƙwallo a Janairu. Iyalan nan da suka cika Big Swan sun zo ne saboda ana wasa a watannin da za a iya ɗauko yaro da tsohuwa a zauna a fili na awa biyu, a kuma tuƙa mota a koma ƙauye lafiya. Tsarin farawa a Fabrairu ko Maris a kammala a Disamba, wanda aka ɗauka tun farko ba tare da wani ya yi tunanin Akita ko Toyama ba, shi ya zama ginshiƙin da faɗaɗa gasar ta tsaya a kai. Aka ci gaba da gini a kansa. Aka buɗe rukuni na uku, J3, a 2014, adadin ƙungiyoyi ya kai 60, Akita da Hachinohe da Toyama da Kanazawa da Matsumoto da Nagano duk suka shigo. Kowace sabuwar ƙungiya daga arewa ƙarin murya ce a zauren shawara, kuma ƙarin jama'a ne da aka yi wa alkawari ba da baki ba.

Akwai wani ɓangaren da ya fi damuna. Da yake kakar wasa tana kauce wa sanyi, babu abin da ya matsa wa kowa ya gina abin da sanyi ke buƙata. Shekara ashirin da wani abu suka wuce, mafi yawan ƙungiyoyin nan ba su da filin atisaye mai rufi, ba su da ciyawa mai ɗumi daga ƙasa, wasu ma filayen wasan nasu na hukuma ne, aro suke yi. Abin da aka saba shi ne a kwashi 'yan wasa a Janairu a tafi kudu, irin su Okinawa da Kyushu, a yi makonni a otal, sannan a fara kaka da wasannin waje har gida ya narke. Ko Sapporo, mai katafaren fili mai rufi wanda ake turo ciyawarsa daga waje a kan iska, a sarari ciyawar take kwana, ƙanƙara na zuba a kanta. Babban ɗan wasa ana iya kai shi kudu da kuɗi. Yaran makarantar horo na ƙungiya fa, 'yan shekara goma sha biyu da sha biyar, waɗanda dole su kwana a gidan iyayensu su je makaranta da safe? Su ne ba a cika ambata ba, kuma su ne dalilin kafa ƙungiyar gari tun asali.

Saboda haka da aka taso da maganar sauya kaka da ƙarfi a 2008, ta ci karo da bango, magoya baya a arewa suka tattara sa hannu suna ƙi. Aka sake kawo ta, a Disambar 2017 aka sake yin watsi da ita. Hujjar ba ta canza ba a duka lokutan biyu, kuma tsakanin wancan karo da wannan babu wani gagarumin gini da aka yi da zai rage ƙarfinta.

Abin da ya canza daga baya daga waje ya zo. Gasar zakarun Asiya ta koma tsarin da ke tsallaka shekara daga 2023-24, sai ƙungiyar Japan ta wayi gari tana buga gasa ɗaya da tawaga biyu. Yokohama F. Marinos ta yi wasannin rukuni da koci Kevin Muscat, ta kai wasan ƙarshe da Al Ain a Mayun 2024 da Harry Kewell, ta sha kashi. Ga kuma kasuwar 'yan wasa: a 2021 Kyogo Furuhashi ya bar Vissel Kobe zuwa Celtic a Yuli yana kan gaba a zura ƙwallo, Kaoru Mitoma ya bar Kawasaki Frontale zuwa Brighton a Agusta. Sai zafi, wanda ba wasa ba ne. Lokutan zafi na 2023 da 2024 da 2025 suna cikin mafi tsanani da aka taɓa aunawa a ƙasar, har ma'auni ya kai 41.8 a garin Isesaki a Agustan 2025. Waɗannan hujjoji ne na gaskiya, kuma ban ga laifin wanda ya tsaya a kansu ba. Sai dai a lura, sabon tsarin ma a Agusta yake farawa. Yuni da Yuli ya ceto, bai kawar da zafin duka ba.

Da aka nemi ra'ayin ƙungiyoyi 60 a Disambar 2023, 52 suka amince, bakwai suka nemi a ƙara nazari, ɗaya ta ce a'a. Albirex Niigata ce. Wasu sun kalli wannan a matsayin taurin kai. Ni ina ganin ƙungiyar da aka shekara ashirin ana nuna ta a matsayin abin koyi ce take tunatar da zauren abin da ya sa ta zama haka. An yi alkawarin ware kuɗi, kusan yen biliyan 10 a kuɗin Japan, don tallafa wa sauyin, har da gina wuraren atisaye a yankunan ƙanƙara, an kuma tsawaita hutun sanyi yadda watannin da za a buga ba za su yi nisa da na da ba. Masu goyon baya suna kafa hujja da wannan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma hutun ƙarshen kaka daban, hutun tsakiyar kaka daban. A da ɗan wasa yakan tafi gida a Disamba ya huta. Yanzu dole ya riƙe jikinsa cikin shiri, ya dawo a Fabrairu ya ci gaba da neman maki, wanda ke nufin ƙungiyar arewa za ta yi zaman otal mai tsawo a tsakiyar fafatawa, ta jera wasannin waje kafin hutu da bayansa, yayin da takwararta ta Shizuoka ke kwana a gida. Akwai kuma batun makarantu, domin shekarar karatu a Japan a Maris take ƙarewa, ɗaliban da ake ɗauka daga sakandare da jami'a za su fito ne kaka ta kusa ƙarewa.

Consadole Sapporo ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen 2024, Albirex Niigata ta bi ta a 2025. Waɗanda suka hau a madadin masu faɗuwar 2025 su ne Mito da Nagasaki da Chiba. Ke nan a cikin ƙungiyoyi 20 da ke J1 a daidai lokacin da ake wannan sauyi, babu ko ɗaya daga ƙasar ƙanƙara, taswirar ta koma kusan yadda take a 1993. Wanda ke kallon babban rukuni kaɗai zai iya ganin komai ya tafi sumul a shekarar farko. Wasannin da za su nuna ko tsarin ya yi adalci a J2 da J3 za a buga su, a Yamagata da Akita da Niigata, a makonnin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris.