Tambayoyi da amsoshi: Yadda Indiya ke ƙoƙarin janyo gundumomi 112 da aka bari a baya

Wane shiri ne wannan?

A watan Janairun 2018 Firaministan Indiya Narendra Modi ya ƙaddamar da wani shiri na raya gundumomin da suka fi ko'ina koma-baya a ƙasar. Hukumar NITI Aayog ce ke riƙe da shi, wato hukumar da ta gaji tsohuwar hukumar tsare-tsaren ƙasa a 2015. Gundumomi 112 ne a ciki. Gwamnati ta ƙi kiran su "masu koma-baya", sai ta laƙaba musu sunan gundumomi masu burin tashi, don kada sunan da kansa ya kashe wa ma'aikata da mazauna gwiwa.

Me ya sa aka kama gunduma, ba jiha ba?

Saboda jiha a Indiya girmanta kamar ƙasa guda ne. Uttar Pradesh kaɗai tana da mutum kusan miliyan 200 a ƙidayar 2011. Idan aka haɗa lissafin jiha a dunƙule, arzikin birni sai ya lulluɓe talaucin ƙauye. Dubi jihar Haryana, wadda ake sa wa cikin masu hali. A cikinta birnin Gurugram yake, cike da dogayen benaye da ofisoshin manyan kamfanonin duniya. Maƙwabciyarsa kuwa, gundumar Nuh da a da ake kira Mewat, inda Musulmi suka fi yawa, ita ce ta zo ta ƙarshe a jerin farko na auna ci gaban gundumomin shirin da hukumar ta fitar a watan Maris na 2018. Jiha ɗaya, gwamnati ɗaya, amma rayuwa kamar sama da ƙasa.

A ina gundumomin suke?

Jharkhand ce ta fi yawa da 19, sai Bihar da 13, Odisha da Chhattisgarh kowacce 10. Da yawa daga cikinsu yankunan dazuzzuka ne na ƙabilun asali, kuma wasu, irin su Sukma da Dantewada, sun sha fama da 'yan tawaye masu ɗauke da makamai, mabiya aƙidar gurguzu ta Mao. Har Kerala, da ake yabo wajen ilimi da lafiya, tana da guda ɗaya, Wayanad. Gwamnatin jihar Bengal ta Yamma kuwa ta ƙi shiga.

To, wani sabon kuɗi aka zuba musu?

Nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Ba a buɗe wani babban asusu na musamman ba. Indiya ta taɓa gwada wannan hanyar: tun wajen 2006 akwai asusun tallafa wa yankuna masu koma-baya da ya fara da gundumomi 250, kuma a 2015 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga ciki. Sabon shirin ya ɗauka cewa kuɗin rigakafi, na gina makarantu, na hanyoyin karkara da na wutar lantarki duk suna nan cikin shirye-shiryen tarayya da na jiha, sai dai kowace ma'aikata na tafiyarta ita kaɗai. Abin da aka yi shi ne tattaro su a hannun shugaban mulkin gunduma, sannan a naɗa wa kowace gunduma wani babban jami'i daga Delhi da zai riƙa bibiya, ya kwance ƙulli idan takarda ta maƙale a wata ma'aikata.

Me ake aunawa?

Ma'aunai 49, a fannoni biyar. Lafiya da abinci mai gina jiki na da kashi 30 cikin ɗari na maki, ilimi ma 30, noma da ruwa 20, shigar da mutane harkar banki da koyar da sana'a 10, ababen more rayuwa 10. Abubuwa ne da ake iya ƙirgawa: mata nawa suka haihu a asibiti, yara nawa aka yi wa cikakken rigakafi, makarantu nawa ke da ban-ɗakin 'yan mata mai aiki, gidaje nawa aka kai wa wuta.

Ina batun gasar da ake cewa ana yi?

Kowane wata ana sa alƙaluman a wani shafi na intanet da kowa zai iya dubawa, a jera gundumomin daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Dabarar da ke ciki ita ce, ba wadda ta fi kowa ci gaba ake ba ta ɗaya ba. Tazarar da gunduma ta matsa daga inda take a baya ake dubawa. Ta haka gundumar da ke can ƙasa ma tana iya zuwa ta ɗaya idan ta yi hoɓɓasa, kuma waɗanda suka yi fice na samun ƙarin kuɗin ayyuka. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi hikima, domin jami'in da ya san babu yadda zai kamo na gaba ba zai ma tashi gudu ba.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da nazari a 2021 inda ta yaba wa shirin, ta ce gundumomin da ke cikinsa sun fi takwarorinsu da ba sa ciki samun ci gaba a fannin lafiya da abinci da kuma harkar banki. Amma akwai abin dubawa. Galibin alƙaluman gundumar ce da kanta ke shigar da su, ita kuma ake ba maki. Ɗalibi ne ke duba jarrabawarsa. Shi ya sa aka shigo da ƙungiyoyi masu zaman kansu, irin su Tata Trusts da IDinsight, su bi gida-gida su tantance. Sannan abin da ke da saurin ƙirguwa shi ke samun kulawa: gina ban-ɗaki a makaranta ya fi sauƙi a kan tabbatar da yaro ya iya karatu. Ga ƙarancin likitoci da malamai masu yarda su zauna a lungu, ga yawan sauya wa shugabannin gundumomi wurin aiki kafin su gama sanin ƙasar.

Daga nan sai ina?

Matsalar da aka gani a matakin jiha ta sake ɓullowa a cikin gundumar kanta: hedikwata na gyaruwa, ƙauyukan nesa na nan jiya-i-yau. Don haka a watan Janairun 2023 aka sauko da tsarin mataki ɗaya ƙasa, aka zaɓi ƙananan yankunan mulki 500 a faɗin ƙasar, ana auna su ana jera su kamar yadda ake yi wa gundumomin.