Wa ke kwashe shara a Peckham, Sadiq Khan ko kansil?

Wannan magana ta daɗe tana damuna wallahi, mutanenmu da ke Landan da zarar shara ta kwana biyu a ƙofar gida ko ruwa na yoyo a gidan haya na gwamnati sai ka ji ana ta kiran sunan Sadiq Khan, alhali ba huruminsa ba ne ko kaɗan. Shi magajin garin Landan aikinsa bas-bas ne da jirgin ƙarƙashin ƙasa da sa ido kan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Shara da gidajen kansil da laburare da takardar izinin gini da tarar fakin a layin unguwa, duk na ƙaramar hukumarka ne, wato kansil ɗin yankin da suke cewa borough.

Mu ɗauki Southwark, inda Peckham take, unguwar nan da 'yan Najeriya suka cika har ake ce mata ƙaramar Legas. Rubutun Southwark ne amma Sadak ake faɗa. Dokar da ta haife ta an yi ta a 1963, ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 1965, aka yanka Landan gida 32, ban da tsohon cikin gari da ke da nasa tsarin. A nan aka haɗe Bermondsey da Camberwell da tsohuwar Southwark suka zama guda. Akwai wata babbar majalisa ta Landan gaba ɗaya da gwamnatin Thatcher ta rushe a 1986, sai a 2000 aka ƙirƙiro kujerar magajin gari.

Kansiloli 63 ke riƙe da Southwark, daga mazaɓu 23, ana zaɓensu duk shekara 4. Suna da nasu magajin gari mai sarƙa a wuya amma na biki ne kawai, iko yana hannun shugaban kansil da 'yan majalisarsa.

To ga inda ya shafi aljihu, harajin kansil. Tun 1993 ake biyansa, gidaje an raba su aji 8 daga A zuwa H, kuma abin mamaki da darajar gida ta 1991 ake lissafi har yau. In kai kaɗai ne baligi a gidan za a rage maka kashi 25 cikin 100, in duk 'yan gidan ɗalibai ne na cikakken lokaci ba sa biya sam, amma fa sai ka nema, ba wanda zai bi ka da shi. Kuma don Allah kar a yi wasa da ambulan ɗin harajin nan da ake zurowa ta ƙofa, in ka tsallake wata ɗaya za su tunasar da kai su ba ka kwana 7, ka yi biris sai su nemi kuɗin shekarar gaba ɗaya, daga nan sai kotun majistare sai masu ƙwace kaya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙuri'a. Ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru mai izinin zama yana da damar zaɓen kansila saboda ƙasarsa na cikin ƙungiyar rainon Ingila, ba sai ya samu fasfon Birtaniya ba, 'yan'uwanmu na Nijar ne dai abin bai haɗa da su ba. Rajistar ta intanet ce, mintuna kaɗan, sai dai tun 2023 dole ka je rumfar zaɓe da katin shaida mai hoto.