Firaimar feshi ta roba

Firaima ita ce fentin da ake fara fesa wa abu kafin a kai ga fentin kala, domin ta kama jikin abin, shi kuma fentin sama ya kama ta. Wadda aka yi domin roba tana zuwa cikin gwangwanin feshi, mai ƙwallon ƙarfe a ciki da ke motsa ruwan idan an girgiza. Gwangwanin feshi kansa wani ɗan Norwe ne, Erik Rotheim, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1920, zuba fenti a cikinsa kuwa sai 1949, a hannun Edward Seymour na jihar Ilinoyi a Amurka. A Damagaram masu gyaran babur da masu fentin mota ne suka fi buƙatarta, saboda murafen baburan kabu-kabu da bamban mota duk roba ne.

Roba ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ne zaɓin yake. Tun 1988 aka fara buga wa kayan roba lamba a cikin ƴar alama mai kusurwa uku, galibi a gindin abin. Lamba 5 ita ce PP, robar kujerun biki da yawancin bamban mota. Lamba 2 da 4 su ne PE, robar jarka da tankin ruwa. PP da PE su ne masu taurin kai: jikinsu kamar an shafa masa kakin zuma, fenti yakan kwanta ya bushe sarai, amma bayan kwana biyu farce kaɗai ya isa ya ɗaye shi. Su sai siririyar firaima mai kama da ruwa, wadda ba ta da kala, aikinta riƙo kawai. ABS, robar murfin babur mai sheƙi, da PVC mai lamba 3, ba su da wannan gardama, firaimar roba mai ruwan toka ta ishe su. Lamba 6 kuma a yi hankali da ita, domin tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fenti, tana cin ta, farin soson da ake yi da ita ma narkewa yake yi nan take. In lambar ta goge, akan yanki ɗan guntu daga inda ba a gani a jefa cikin kofin ruwa: PP da PE suna tasowa sama, ABS da PVC suna nutsewa.

Firaimar ƙarfe, mai hana tsatsa, ba ta wannan aiki, ko da mai shago ya rantse. Kayan da ke shigowa daga Kano rubutunsu Ingilishi ne, wasu kuma Faransanci, ko ma wanne ne a duba a ga an ambaci roba a jikin gwangwanin.

Rabin aikin a wanki yake. A wanke da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe, a goga sanfefa mai laushi, lamba 400 zuwa 600, har sheƙin ya dushe, sannan a share da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da alkol. Fetur ba ya cikin abin sharewa, maiƙo yake bari. Sai a girgiza gwangwanin minti ɗaya zuwa biyu daga lokacin da ƙwallon ya fara ƙara, a riƙe shi nesa da abin da santimita 20 zuwa 30, wajen taƙi guda ke nan, hannu na tafiya ba tsayawa. Shafi biyu ko uku marasa kauri, da ƴan mintoci tsakani, sun fi guda mai kauri, wanda yakan dalalo ya bushe da sawu. Tazarar da za a bari kafin fentin kala tana rubuce a gwangwanin, kuma ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Yanayin Damagaram ma yana da ta cewa. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, feshin ya bushe a iska tun bai sauka ba, a shafa a ji kaushi kamar yashi. Da hunturu kuma busasshiyar roba da aka goga tana jan ƙura kamar maganaɗisu, ga hazo ya cika gari. Saboda haka da sassafe ake yi, a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a kuma goge abin da ɗanyen tsumma a bar shi ya sha iska. Da damina a bari sai rana ta fito, domin laima tana sa shafin ya yi fari-fari.

Iskar da ke tura fentin tana kama wuta, warinsa kuma yana hawa kai, don haka ba a feshi a rufaffen ɗaki ko kusa da mai walda, kuma a rufe hanci da takunkumi mai tace tiriri. Gwangwanin ba ya son zafin da ya haura digiri 50, wanda motar da aka rufe a rana ke kaiwa cikin sauƙi. In an gama, a kifa shi a fesa na ƴan daƙiƙu har iska zalla ta fito, kada bakin ya toshe kafin aiki na gaba.