Shin sai da nama da ƙwai jiki ke ginuwa?

An daɗe ana cewa wanda ya bar nama da ƙwai da madara zai rame, ƙarfinsa ya ƙare. Masu faɗin haka suna da dalili, domin nama na ɗauke da furotin mai yawa, wato sinadarin da ke gina jiki. Sai dai tsirrai ma suna da shi.

Ƙwai ɗaya na da furotin kusan giram 6. Gyaɗa giram 100 na da kusan 25, busasshen waken suya kuwa ya haura 35. Shi ya sa uwa za ta marmasa awara a kasko, ta soya da albasa da tumatir kamar ƙwan karin kumallo, iyali su ci da dare su ƙoshi. Abin da furotin ɗin hatsi ya gaza a kai, na wake na cikewa, ko da ba a ci su lokaci guda ba.

Inda lallai a kula shi ne bitamin B12. Tsirrai ba sa samar da shi yadda za a dogara, don haka wanda ya bar nama da ƙwai da madara sai ya sha ƙwayarsa.

Kana iya aunawa da kanka: baligi na bukatar furotin kusan giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Lissafa naka, ka duba bayanin da ke jikin kwalin abinci.

Don Allah a tura wa ’yan uwa su karanta.