Makin tseren Formula 1: ku karanta kafin ku sake ce min an yi maguɗi

Duk ƙarshen kakar tseren motoci na Formula 1, daga gidan kallo na Kawo har majalisarmu ta Unguwar Rimi, tambayoyin nan dai ake maimaita min. Na rubuta amsoshin, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Yaya ake raba makin?

Na ɗaya 25, na biyu 18, na uku 15, sai 12, 10, 8, 6, 4, 2, na goma ya samu 1. Daga na sha ɗaya zuwa ƙasa babu ko anini. Tun 2010 haka yake.

Idan mutum biyu suka yi kunnen doki fa?

Wanda ya fi yawan zuwa na ɗaya ya ci. In nan ma sun yi daidai, a ƙirga zuwa na biyu.

To me ya sa wanda ya fi cin tsere ba shi ke zama zakara ba kullum?

Saboda kakar ake aunawa gaba ɗaya. Ɗalibin da ya zo na ɗaya a lissafi da Turanci amma ya sha ƙasa a sauran darussa, ai ba shi ke ɗaukar ajin ba. A 2008 Felipe Massa ya ci tsere shida, Lewis Hamilton biyar, amma Hamilton ya ɗauki kofin da maki 98 da 97, bayan ya wuce Timo Glock a kwanar ƙarshe ta tseren Barazil. A 2016 shi kansa Hamilton ya ɗanɗana: ya ci goma, Nico Rosberg tara, kofin ya tafi wurin Rosberg. Abin mamaki, masu yi min ihu a kan 2016 ban taɓa jin sun tausaya wa Massa ba. Keke Rosberg, uban Nico, da nasara ɗaya tal ya zama zakaran 1982.

Bernie Ecclestone, mai riƙe da harkar kasuwancin Formula 1 a lokacin, ya so a koma tsarin lambar zinariya a 2009, wanda ya fi yawan nasara shi ne zakara, ƙungiyoyin suka ƙi. Ni ma da na ƙi. Da wannan tsarin, direban da ya ga ba zai zo na ɗaya ba ba shi da dalilin wahalar da motarsa.

Amma ai da tsarin maki na yanzu aka yi amfani a shekara kaza, da wane ne ya ci!

Haba ɗan'uwa, wannan lissafin dokin rano ne. Direban da ya san na uku ya ishe shi, na uku zai nema, ba zai jefa motarsa cikin haɗari ba. Ka canza makin, ka canza yadda kowa zai yi tuƙin, da lokacin da zai shiga canjin taya. Ku bar ɓata data a kan wannan.

Muna gasar tseren mota ta PlayStation a Tudun Wada duk Asabar. Wasu na fashin zuwa, wani lokaci wuta ta ɗauke ana tsaka da tsere. Wane tsari ya fi adalci?

Yawwa, wannan ce tambaya. Amsar ta dogara da abin da kuke son sakawa a kai, kuma duk wanda kuka zaɓa sai wani ya yi ƙorafi, kada hankalinku ya tashi.

Game da masu fashi, za ku iya cewa kowa a zubar masa da sakamakonsa mafi muni guda biyu ko uku. Wanda ya tafi ɗaurin aure Zariya bai yi asarar kaka ba ke nan. Sai dai ku san abin da kuka sayo. Formula 1 ta yi irin wannan har zuwa 1990. A 1988 sakamako goma sha ɗaya mafi kyau ake ƙirgawa cikin tsere goma sha shida. Alain Prost ya tara maki 105, Ayrton Senna 94, amma da aka zubar da na zubarwa Senna ya tashi da 90, Prost da 87. Ana iya cewa daidai ne tunda Senna ya ci takwas, Prost bakwai. Ana kuma iya cewa an hukunta wanda ya fi kowa dagewa. In yawancinku masu aiki ne ko 'yan makaranta, ni zan karkata ga a zubar da biyu. In kowa na zuwa, ku ƙirga duka.

Maganar wuta ta fi wuya. Rabin maki shi ne abin da kowa zai fara kawowa, kuma ba laifi, amma yana da nasa tsiyar. A Monako a 1984 ruwan sama ya sa aka tsayar da tsere Prost na gaba, aka ba shi huɗu da rabi maimakon tara. A ƙarshen kaka Niki Lauda ya doke shi da rabin maki, 72 da 71.5. Da an ƙarasa tseren Prost ya zo ko na biyu, shida zai samu. A Beljiyam kuma a 2021 aka raba rabin maki bayan 'yan zagaye a bayan motar tsaro, wato motar da ke shiga gaba ta rage wa direbobi gudu in akwai haɗari, babu wanda ya wuce wani. Surutun da aka yi ya sa aka gyara doka: yanzu makin na bin yawan tafiyar da aka yi, cikakken maki sai an kai kashi 75 cikin ɗari. Ku ma kuna iya yin haka: in an wuce kashi uku cikin huɗu a ba da duka, in ba a kai rabi ba a sake tseren da janareta. Tsakanin nan kuwa, sai ku sasanta. Abin da ba zan sassauta ba shi ne lokacin yanke dokar. Ku rubuta ta a takarda, kowa ya sa hannu, a manna a bangon shagon kafin tseren farko. Wanda ya kawo gyara bayan ya ga teburin maki, ku ce masa sai baɗi.

Mu ninka makin tseren ƙarshe don a ji daɗi?

A'a. An gwada a Abu Dabi a 2014, shekara ɗaya aka yi watsi da shi.

Ina makin zagaye mafi sauri?

An cire shi daga 2025. Dama a 2019 aka dawo da shi, ga wanda ya gama cikin goman farko kawai. A Singafo a 2024 Daniel Ricciardo, yana can baya, ya sa sababbin tayoyi ya ƙwace zagayen daga hannun Lando Norris, wanda ke fafatawa da Max Verstappen. Shi bai samu makin ba, ya dai hana Norris. Ƙungiyar Ricciardo kuwa ta gidan Red Bull ce, gidan su Verstappen.

Direbobin yanzu sun fi su Senna yawan maki, ke nan sun fi su?

Kusan duk zamanin Senna nasara maki tara ce, sai daga 1991 ta koma goma, kuma tsere goma sha shida ake yi a shekara. A 2024 an yi ashirin da huɗu, ga kuma gajerun tsere na ranar Asabar da ke ba na ɗaya maki takwas. Ka yi lissafin da kanka.