Nisan tafiyar jirgi daga Legas zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja a Legas da filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda a Saudiyya akwai nisan kusan kilomita 4,200, wato in an auna a miƙe ta sama ba kwana. Layin yakan ratsa Najeriya ya nufi arewa maso gabas, ya bi ta Chadi da Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya ya faɗa Jidda. Filin Ikeja sunan Janar Murtala ya ci, wanda aka kashe a 1976, an kuma buɗe ɓangarensa na ƙasa da ƙasa a 1979, na Jidda kuwa a 1981 ya fara aiki, kuma shi ne mai tashar alhazai ɗin nan da rufinta ya yi kama da tantuna.

Jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa in ya daidaita a sama, to in aka haɗa da tashi da sauka tafiyar kai tsaye takan ci awa biyar da rabi zuwa shida. Amma fa wannan lissafin na lokacin zaman lafiya ne, domin tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da yawa suke kauce wa sararin samaniyarta, dole su yi zagaye, zagayen kuma yana ƙara lokaci yana ƙara shan mai, a ƙarshe matafiyi ne zai ji a kuɗin tikiti. Wanda ya tashi daga Kano ya fi samun sauƙi, nisansa wajen kilomita 3,400 ne, kusan awa guda kenan ya rage.

Inda mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 suka fi rikicewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, saboda haka jirgin da ya bar Ikeja ƙarfe goma na dare ya yi awa shida a sama, a tikiti za ka ga an rubuta zai sauka shida na safe, sai mutum ya ɗauka awa takwas zai yi a zaune alhali shida ce. A dawowa kuma sai a ga kamar awa huɗu kacal aka yi. Wannan ya kamata duk mai raka tsoho ko tsohuwa ya yi musu bayani tun a gida, saboda lokacin sallah da shan magani, kuma masu shiga da Umara kai tsaye su shirya haraminsu kafin jirgi ya daidaita da mikati.

Masu zuwa Umara da 'yan kasuwa da dama kuma ba kai tsaye suke tafiya ba, wasu su bi Ethiopian Airlines ta Addis Ababa, wasu EgyptAir ta Alƙahira, wasu Qatar Airways ta Doha wadda sai an wuce Jidda can gabas sannan a juyo baya, a nan jiran canjin jirgi ne ke cinye lokaci, tafiyar ta kai awa goma ko ma fiye da goma sha biyar. Ga kuma cunkoson hanyar Ikeja da layin duba fasfo kafin tashi, bayan an sauka kuma akwai sauran tafiya zuwa Makka a mota ko a jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018.